Nazarin Lamari: Wata Mai Zane 'Yar Ojibwe da Hanyar da Ta Bi Ta Koma ga Danginta

Asalin matsalar

Wadda ake magana a kanta mai zane ce 'yar ƙabilar Ojibwe a Kanada. An sakaya sunanta da sunan garin danginta. A birnin Winnipeg ta tashi, ta yi karatun zane a jami'a, hannunta ya faɗa wajen fenti da zanen fuskoki. Harshen iyayenta na Anishinaabemowin kuwa ba ta jin komai a ciki sai gaisuwa da godiya, kuma garin kakarta da ke arewa maso yammacin jihar Ontario sau ɗaya aka taɓa kai ta, wajen jana'iza, tana ƙarama.

Wannan yankewa tana da tarihi. Ojibwe na daga cikin manyan al'ummun asali na Arewacin Amurka, suna zaune kewaye da Manyan Tafkuna, a Ontario da Manitoba ta ɓangaren Kanada, da Minnesota da Wisconsin da Michigan ta ɓangaren Amurka. A 1876 Kanada ta kafa dokar da ta ba gwamnati ikon cewa wane ne ɗan asalin ƙasa, wane ne ba shi ba. Gyare-gyaren da aka yi wa dokar daga baya sun haramta wasu bukukuwan gargajiya, ba a ɗage haramcin ba sai 1951. Yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci ke gudanarwa, inda ake hukunta yaro in ya yi harshensa. Kakar wannan mata ta wajen uwa ta yi irin wannan makaranta, ta fito da harshenta a baki amma ta ƙi koya wa 'ya'yanta. Mahaifiyarta kuma ta auri Bature, a lokacin da doka ta ce duk 'yar asalin ƙasar da ta auri bare ta rasa matsayinta da haƙƙin zama a yankin da aka keɓe wa mutanenta. An gyara wannan sashe a 1985, uwa da 'ya suka samu takardar shaidar matsayinsu, amma a lokacin zumunci ya riga ya yi sanyi.

Abin da take so a fili yake: ta yi aiki a matsayin mai zane 'yar Ojibwe, aikin da mutanenta za su gani su ce nasu ne.

Shekara ta farko: kwaikwayon salon Woodland

Ta fara da abin da kowa ya sani. Norval Morrisseau, mai zane ɗan Ojibwe, ya baje zanensa a Pollock Gallery da ke Toronto a 1962, aka saye su kaf, daga nan salon da ake kira Woodland ya zama fuskar zanen Ojibwe a idon duniya: baƙin layi mai kauri da ke zagaye kowace siffa, launuka masu ƙarfi a shimfiɗe ba inuwa, cikin dabba a buɗe ana ganin ƙashi da zuciya, da'ira da aka raba biyu, da layukan da ke haɗa mutum da dabba da ruhi.

Cikin wata takwas ta yi zane goma sha huɗu da fentin akirilik a kan kyalle, mafi girmansu santimita 90 da 120. Daga littattafai da hotunan intanet ta ɗauko siffofin. Akwai Mishipeshu, damisar ruwa mai ƙaho da ke zane a dutsen Agawa a gaɓar Tafkin Superior. Akwai labarai uku na Nanabozho, gwarzo mai wayo a labaran gargajiyar Ojibwe. Akwai zane biyu da ta ɗauko tsarinsu daga hoton wani naɗin ɓawon itace na Midewiwin, ƙungiyar addini da magani ta Ojibwe, da ta gani a wani tsohon littafin bincike. Akwai kuma babban zanen beyar da ta sa wa suna zuri'arta, domin da sunayen dabbobi Ojibwe ke kiran zuri'o'insu.

Ta fuskar sana'a ma an samu tangarɗa. Ta riƙa zuba launuka tukuna sannan ta bi da baƙi, sai layin ya zama kamar shingen da aka ɗora, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, alhali a wannan salo layin shi ne ƙashin zanen, yana kumbura yana sirancewa. Rawaya da ja na akirilik ba sa rufe ƙasa da shafa ɗaya, sai an yi uku ko huɗu, ita kuma ta riƙa kauraro fentin don ta huta, sai sawun buroshi ya fito inda ake son fili sumul. Waɗannan duk ana gyara su da aiki.

Baje kolin Yuli da abin da ya biyo baya

Ta baje zanen a wani ƙaramin ɗaki a birni a watan Yuli. An sayi tara, duk masu sayen baƙi ne. Ƙanwar mahaifiyarta ta zo daga gari, ta zagaya ta duba, ba ta ce uffan ba a gaban jama'a. Bayan mako biyu ta aiko mata da saƙo ta bakin mahaifiyar, abu uku.

Na farko, labaran Nanabozho suna cikin labarai masu tsarki da ba a bayar da su sai da hunturu, in ƙanƙara ta rufe ƙasa, ita kuma ta rubuta su a jikin bango a tsakiyar bazara. Na biyu, abin da ke cikin naɗin Midewiwin na waɗanda aka shigar ƙungiyar ne, kasancewar wani mai bincike ya buga hotonsa bai mayar da shi na kowa ba. Na uku, a wajen Ojibwe ta uba ake gadon zuri'a. Beyar ta gidan kakanta na wajen uwa ce. 'Ya'yan da ubansu bare ne kowane gari yana da yadda yake yi da su, wasu na sanya su cikin zuri'ar gaggafa, wasu na bin wata hanyar, kuma dattawa ne ke faɗa.

Shi kansa Morrisseau ya sha suka daga wasu dattawa saboda fito da abubuwan da ake ɓoyewa, duk da cewa a hannun kakansa ya tashi, daga bakinsa ya ji labaran. Ga kuma yanayin kasuwa: salon ya cika da jabu, har a watan Maris na 2023 'yan sanda a Ontario suka kama mutum takwas suka ƙwace zane fiye da 1,000 da aka jingina wa Morrisseau na ƙarya. Amurka tana da dokar 1990 da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa in ba nasu ba ne, Kanada ba ta da irinta. Saboda haka mutanen gari suke sa ido sosai kan wanda ya fito da wannan salo ba a san wa ya koya masa ba.

Ta sauke zane biyun Midewiwin, ta mayar wa wanda ya sayi ɗaya kuɗinsa. Wata biyar ba ta taɓa buroshi ba.

Shekara ta biyu, hunturu: tambaya

A watan Janairu ta tafi garin, ta sauka a gidan innar tata. Innar ce ta nuna mata yadda ake neman ilimi a wajen dattijo: a ƙulla ganyen taba, wanda suke kira asemaa, a ɗan kyalle, a faɗi abin da ake nema dalla-dalla, sannan a miƙa. In ya karɓa ya ɗauki nauyin amsawa, in ya ƙi karɓa ba wulaƙanci ba ne, wataƙila abin ba a hannunsa yake ba. Tambayarta ta farko, a koya mata al'ada, ta yi faɗi da yawa, dattijuwar da aka kai ta wurinta ba ta karɓi tabar ba. Da ta koma ta tambayi abin da kakarta ke yi da hannunta, sai aka karɓa.

Amsar ita ce ɗinkin duwatsun ado. Kakar ta yi suna da shi kafin idonta ya raunana, kuma akwai murfin wata jaka da ta ɗinka a ajiye cikin akwati a gidan wani kawu: baƙin karan-miski, furanni biyar, ganye, da 'ya'yan itace. An yarda ta ɗauki hoto ta auna, ba a yarda ta tafi da shi ba.

A wannan hunturun ta fara zaman koyon harshe na sa'a biyu a mako ta intanet, tana haɗawa da Ojibwe People's Dictionary na Jami'ar Minnesota, ƙamus ɗin da ake jin muryar masu harshen a ciki. Karin harshen Minnesota ya ɗan bambanta da na garinsu, don haka innar ke gyara mata furuci ta waya.

Yuni zuwa Satumba: gwaji biyu da kayan daji

Ta so ta bar kyalle da akirilik ta koma kayan da kakanni suka yi aiki da su. An kai ta ɗebo ɓawon itacen birch a ƙarshen Yuni, lokacin da ruwan itace ke gudu ɓawon yana saɓulewa da kansa. Tsaga ɗaya ake yi daga sama zuwa ƙasa, ba zurfi, a ɗaye na waje kawai. In wuƙa ta yanke ɓawon ciki ta zagaye gindin, itacen zai mutu.

Ta yi ƙoƙarin buga zane a kan ɓawon, bai yiwu ba. Fuskar waje tana da farin gari mai maiƙo da ke hana tawada kamawa, bayan kwana goma ana goge ta da yatsa. Injin matsa ya fasa ɓawon ta wajen 'yan layukan da itace ke numfashi da su, ya kuma raba shi falle-falle. Wanda ba ta danne tsakanin katako biyu da nauyi a kai tun ranar farko ba ya nannaɗe ya bushe a haka. Cikin falle ashirin, uku ne suka yi kyan gani.

Amma a nan ne aka nuna mata ɓawon hunturu, wanda ake ɗebowa da zarar hunturu ya wuce ko da kaka, mai ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu a fuskar ciki. Ana jiƙa shi, a ɗora siffar da aka yanka, a kankare duhun da ke kewaye har haske ya fito, kamar yadda masassaƙin ƙwarya ke cire fata don zane ya bayyana. An kuma gaya mata cewa matan da suka gabata da irin wannan ɓawo suke yanka siffofin fure su ɗora a kan kyalle kafin su fara ɗinki.

Gwaji na biyu jar ƙasa ce, launin zanen duwatsu irin na Agawa. Ta haƙo, ta daka, ta gauraya da mai ta shafa a rola. Tsakuwar ciki ta karce rolar roba, bugun ya fito da ɗigo-ɗigon fari. Ba ta wanke ƙasar ba ne. Yadda ake yi: a zuba ta a kwalba da ruwa mai yawa, a girgiza, a jira daƙiƙa talatin yashi ya kwanta, a tsiyaye jan ruwan sama a wata kwalbar, a bar shi ya kwana, a zubar da ruwan, a shanya laka, a maimaita sau biyu ko uku. Sannan a niƙa a kan gilashi mai kauri har a daina jin ƙaras-ƙaras. Don fentin ruwa ana haɗa shi da ƙaro, wanda galibinsa daga Sudan da Chadi da Najeriya yake zuwa kasuwar duniya: awo ɗaya na garin ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, da ɗan zuma don kada ya tsattsage in ya bushe. Don bugu kuwa da dafaffen man linsid mai kauri ake niƙa shi. A karo na biyu ta samu fentin ruwa mai kyau. Tawadar bugun ta fito da rauni, sai da ta ƙara mata ta kanti.

Shekara ta uku: furannin kakarta a kan linoliyam

Ta yi rajista a wani ɗakin bugu na haɗin gwiwa a birni, ta zaɓi sassaƙar linoliyam, wato allo mai taushi da ake sassaƙa zane a kai a shafa tawada a buga a takarda, domin tsarinta ɗaya da na ɓawon hunturu: abin da aka cire shi ne haske.

Kafin ta taɓa wuƙa ta shafe wata guda tana zana murfin jakar da fensir, fure ɗaya bayan ɗaya. A nan ta ga abin da ba ta lura da shi a hoto ba. Furanni iri daban-daban da 'ya'yan itace suna fitowa daga kara ɗaya. Kowane ganyen fure zobe-zobe ne na launi, mai duhu a ciki ko a waje. Hagu da dama suna kama da juna amma ba daidai suke ba, kuma a wani ganye kakar ta canza koren tsakiyar layi, da alama duwatsun ne suka ƙare mata. Ta bar wannan yadda yake.

Allo ɗaya ta yi amfani da shi, santimita 30 da 40, da hanyar ragewa: a buga launi, a ƙara sassaƙe allon, a buga na gaba a kai, har allon ya ƙare. Ba a komawa baya, don haka ake farawa da takardu fiye da yadda ake buƙata. Ta fara da 40, takardar auduga mai nauyin giram 250. Ta goge fuskar allon da takardar yashi mai laushi, ta wanke maiƙon, ta shafa masa tsarkakken launi don ta riƙa ganin inda ta yanka. An juya zanen kafin a ɗora, tun da bugu yana fitowa a juye. Linoliyam yana taurarewa da sanyi, wuƙa ta riƙa zamewa, sai ta riƙa ɗora shi a kan abin ɗumama ɗaki na minti biyu.

Daga haske ake tafiya zuwa duhu. Ta fara cire wuraren da za su zauna fari, ta buga rawaya, sai ja mai haɗe da jar ƙasarta, sai kore da shuɗi a bugu ɗaya da ƙananan rola biyu tun da wurarensu ba su haɗu ba, baƙi a ƙarshe. Wannan jeri ya dace da aikin, domin baƙin ƙarshe shi ne karan-miskin, yana zagaye furannin ya fito da su.

Matsala uku ta fuskanta. Daidaita takarda da ido ya sa ja ya kauce wa rawaya da kusan milimita biyu a takardu shida, sai ta koma ga ƙusoshin daidaito biyu da ake manna wa teburi, kowace takarda da 'yan kunnuwanta masu huda, ba a cire su sai an gama. Duwatsun da ta fitar ɗaya-ɗaya da ƙaramar wuƙa mai baki kamar U sun cike da tawada a bugun farko saboda ta labta da yawa. Tawadar da ta yi daidai siririn sauti take yi a ƙarƙashin rola, in tana ƙara kamar ana taka laka to ta yi yawa, gara shafa siriri sau huɗu da mai kauri sau ɗaya. Ta uku ita ce gaggawa. Launin farko takarda ke shanye shi, ya bushe cikin kwana biyu, amma na uku a kan tawada yake zaune, yana iya cin mako. Ta buga baƙi a kan takardu huɗu kafin lokaci, ya ƙi kamawa ya yi dabbare-dabbare. Takardu 28 suka tsira.

Rabo da komawa ga fenti

Kafin a sa wa ko ɗaya farashi ta kai su garin. Innar da kawun suka duba, suka ce a rubuta sunan kakar a ƙasan kowace takarda tare da nata. Goma sha biyu aka raba wa dangi da dattijuwar da ta karɓi taba, ɗaya aka rataye a makarantar garin, sauran ta sayar. Wasu mata biyu da ke ɗinkin duwatsu sun roƙi zanen fensir ɗin don su mayar da furannin kan kyalle, an ba su.

Akwai magabata a wannan hanya. A 1973 iyalan Kakegamic suka kafa Triple K Co-operative a garin Red Lake na Ontario, suna buga zanensu da na Morrisseau da bugun sikirin, don masu zane 'yan asalin ƙasa su riƙe bugu da ciniki a hannunsu.

Da ta koma fenti a ƙarshen shekarar, ba ta koma salon Woodland ba. Ta yi jerin zanen tafkin garinsu lokacin girbin shinkafar daji, ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wanda ta shiga a kwalekwale tana tura sanda innar na kaɗa zangarniya. Fentin ruwa na jar ƙasa ta yi amfani da shi a ƙasa, akirilik a sama. George Morrison, mai zane ɗan Ojibwe na Grand Portage a Minnesota da ya rasu a 2000, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana zana layin da ruwan Tafkin Superior ke haɗuwa da sama ba tare da bin salon Woodland ba. Labari ɗaya na Nanabozho aka ba ta izinin zanawa, da sharaɗin ba za a baje shi ba sai da hunturu.

Hukunci

Zanen shekarar farko ba rashin gwaninta ya kayar da su ba. Ta ɗauki siffofin da kowannensu ke da mai shi, da lokacinsa, da hanyar neman izininsa, ta ɗauke su daga littafi inda ba a rubuta waɗannan sharuɗɗa ba. Cinikin da suka yi ya ƙara ɓoye kuskuren, tun da masu sayen ba su da yadda za su gane shi. Innar ta kyauta da ta faɗa, ta kuma kyauta da ba ta faɗa a bainar jama'a ba, domin da an kunyata ta a ɗakin nan da wuya ta je garin a Janairu.

Gwajin ɓawo da jar ƙasa ya nuna cewa canza kayan aiki kaɗai bai isa ba. Amfaninsa na gaske shi ne ya sa ta yini a daji tare da mutanen da suka san abin, a nan ta ga ɓawon hunturu.

Abu uku suka sa aikin shekara ta uku ya karɓu. Tambayar ta ƙanƙance har ta zama wadda dattijuwa za ta iya amsawa. Abin da aka zana na gidansu ne, ba mai tsarkin da ake ɓoyewa ba, kuma waɗanda ke da iko a kansa suna raye ana iya tambayarsu. Sannan bugu yana ba da kwafi da yawa, abin da fenti ba ya yi: zane ɗaya bango ɗaya yake zuwa, yawanci na mai kuɗi a birni, amma takardu 28 sun isa a biya dangi haƙƙinsu a kuma samu na haya. Jinkirin hanyar ragewa ma ya taimaka, domin mako-makon jiran tawada ta bushe a waya da innar ta cinye su.

Akwai abin da bai warware ba. Harshenta har yanzu na mai koyo ne, tana bin hira amma ba ta iya ba da labari. Maganar zuri'arta tana gaban dattawa, ba su yanke ba. Zane takwas na shekarar farko suna gidajen waɗanda suka saya da sa hannunta a jiki, uku daga ciki labaran hunturu ne da ke rataye duk shekara. Ta rubuta wa masu su ta nemi su riƙa sauke su in ƙanƙara ta narke, mutum ɗaya ne ya amsa.